Kwano Mai Shuɗin Murfi

Shekara goma sha tara na yi ina ɗaukar kwano ɗaya a kan titi ɗaya a Catford, kuma babu wanda ya taɓa tambayata ko ina son aikin. Daga ƙofarmu zuwa gidan abincin 'yan Italiya taku saba'in ne. Na ƙirga, don mutumin da yake tafe da miya mai zafi a hannu ba shi da abin yi sai ƙirge.

Wurin ƙarami ne, tebur bakwai, ɗaya yana ɗingishi an tokare masa ƙafa da kwali. Wata tsohuwa ce take girki, ɗanta yana kai wa mutane. Ranar Asabar ni da matata mukan je. A zuwanmu na farko na yi wa ɗan dogon bayani a kan naman alade da giya. Ya shiga ya faɗa wa uwar, ta leƙo ta kalle ni sama da ƙasa, ta koma. Daga ranar ba ta ƙara bari na zaɓi abinci ba. Taliya da kifi, ko miyar ganye, abin da ta ga dama shi ake kawo mana. Ban taɓa samun abin kushewa ba, ko da yake na nema.

Maganar kwano ta faro ne da matata ta haifi 'yarmu ta fari, cikin tsananin sanyi. Ba uwa a kusa, ba ƙanwa, ba mai dafa mata ko ruwan wanka sai ni, ni kuma ina aikin kemis tun safe. Kwana uku da dawowa daga asibiti aka buga ƙofa. Tsohuwar ce, tana haki saboda bene, riƙe da kwanon tangaran mai shuɗin murfi cike da miyar wake. Ta ture ni gefe, ta duba jaririya, ta yi wa matata magana mai tsawo da Italiyanci. Matata ta amsa da Hausa, duka suka gyaɗa kai. Da ta tafi, matata ta ci tana kuka. Ni ma abin ya taɓa ni sosai, sai dai ba a rage mini ba.

Na wanke kwanon zan mayar, matata ta tare ni.

"Maigida, haka za ka kai shi, ba komai a ciki? Ai sai a ce ba a gidan mutane na tashi ba."

Ta miƙe da jegonta ta soya masar shinkafa ta zuba a ciki. Na kai, na ɗauka magana ta ƙare. Washegari sai ga kwanon ya dawo da gasasshen yalo da cuku. Ashe su ma a garinsu ba a mayar da kwano haka. Mata biyu masu taurin kai sun haɗu a kan doka ɗaya, ni kuma ina tsakiya.

Dambun nama ya je, alkaki ya je, ƙosai a azumi, soyayyen nama da Babbar Sallah. Sau ɗaya miyar kuka ta je. Tsohuwar ta aiko cewa ta cinye tas, amma daga baya ɗan ya ja ni gefe ya ce shi aka tsare har ya gama. Na taɓa kawo shawarar a sayi kwano na biyu, kowacce ta riƙe nata a huta. Matata ta yi mini kallon da na san ban yi magana ba. 'Yarmu, wadda a lokacin ta shiga sakandare, ta ce, "Dad, just carry the bowl."

Turancin da suke yi da juna bai kai kalma hamsin ba. Duk da haka da rana, kafin a buɗe wa masu cin abinci, matata takan zauna a kicin ɗin tana ɓare tafarnuwa, su yi ta hira kowacce da yarenta. Mama take kiranta. Ta taɓa ce mini, "Ita ce uwata a garin nan," kuma ba da wasa ta faɗa ba.

Sai gwiwoyin tsohuwar suka gaza. Ɗan ya ce mana zai rufe wurin, zai mayar da ita ƙauyensu wajen ƙanwarta. A lokacin kwanon yana gidanmu. Na ce a kai da wuri, matata ta ƙi. Sati uku tana kallonsa a kan kantar kicin. Sai ranar ƙarshe da safe, bayan an yanke musu gas an zuba tukwane a kwali, ta cika shi da dambun nama ta miƙo mini.

Na ce, "Yau kuma da me za ta mayar? An yi packing ɗin komai."

Ta ce, "Shi ya sa. In kwanon yana hannunta, dole ta dawo da shi."

Na kai. Tsohuwar ta buɗe, ta dubi kicin ɗinta da ba ko cokali, ta gane. Ta fito bakin titi ta kaɗa wa tagarmu yatsa tana dariya, idonta cike da ƙwalla, sannan ta naɗe kwanon a mayafinta.

Wurin ya zama shagon gyaran waya. Shekara biyu, duk lokacin da ɗan ya haɗa su a bidiyo, tsohuwar takan ɗaga kwanon ta nuna, matata ta ce, "Ina jira, Mama." Gurbinsa a kan kantar kicinmu ba a ajiye komai.

Wata Lahadi bayan azahar aka buga ƙofa. Ɗan ne, ya yi furfura, riƙe da kwanon da hannu biyu. Matata ta yi guɗa, tana leƙa bayansa ko uwar tana hawowa. Ta karɓa. Ni da na ɗauki kwanon nan shekara goma sha tara, daga yadda hannunta ya ɗaga sama na san nauyinsa. Ta buɗe murfin, ta duba ciki, babu komai, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi bai riga ya buɗe baki ba.

Da ya zauna ya ce uwar ta bar masa wasiyya ya kawo. Ya ce ya daɗe a tsaye a kicin ya rasa abin da zai sa.

Matata ta shiga kicin da kwanon ta rufe ƙofa. Muka zauna ni da shi, na yi masa ta'aziyya, muna jin famfo yana zuba fiye da yadda wanke kwano ɗaya yake buƙata. Can sai ƙamshin masa ya fito. Ta fito idonta jawur, ta ɗora masa kwanon a cinya, da zafinsa.

Ya ce, "Wa zan kai wa?"

Ta ce, "Kai za ka ci. In ka gama, ka dawo mini da kwanon."