Umarar da Nake Ɓuya a Bayanta

Shekaruna arba'in da 'yan kai a lokacin. A Tandabawi, wata unguwa a Makka, aka haife ni, kakana ne ya zo hajji daga ƙasar Kano ya zauna. Sana'ata fenti, mu ne masu gyara gidajen da alhazai ke sauka. Ina da mata da 'ya'ya uku, ba a taɓa jin muryata a unguwa ba. Kuma ina shan barasa. Na san mai karatu zai ce a Makka? E, a Makka. Wani abokin aiki ne ya fara miƙo mini a gorar ruwa, irin wadda ake haɗawa a ɓoye, ya ce tana kashe gajiya da warin fenti. Shekara tara ban rabu da ita ba.

Duk lokacin da na sha na farfaɗo, sai ƙasa ta ƙi ɗaukata. In zauna, in tashi, in leƙa waje, in dawo. Daga nan sai in ɗauki harami in tafi masallacin Tan'im a bayan gari, in yi niyyar umara, in yi ɗawafi ina kuka, in rantse na daina, in aske kaina ƙwal. Sati uku ko huɗu, sai in koma ruwa, sai wata umarar. Mai askinmu har tsokanata yake yi, wai in riƙa barin gashin ya fito ko askarsa ta samu abin ci. Dattawan masallaci kuwa suna nuna ni ga matasa, suna cewa ga mutumin da ya san darajar maƙwabtaka da Harami. Ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Uwar 'ya'yana kaɗai ta san ma'anar askin. Wata ranar Juma'a na shigo da kaina yana sheƙi, ta dube ni ta ce mutane suna ganin wannan kai su yi tabarkalla, ita kuma in ta gan shi gabanta ke faɗuwa. Ta ce ta gaji da rantsuwa, ɗakin Allah ma ya ji ta sau nawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa kaya da yara ta koma gidan yayanta, ta ce ba saki take nema ba, amma ba za ta dawo ba sai na faɗa wa wani ɗan Adam abin da ke damuna, ba ita kaɗai ba.

Na je asibiti da sunan ciwon ciki, a ƙarshe na gaya wa likita gaskiya. Bai zage ni ba. Ya ba ni magani, ya rubuta mini wuri da ranar da masu irin matsalata ke zama a Jidda, ƙarƙashin wani asibiti. A lokacin ban iya karatu ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Wata biyu takardar tana aljihuna, don duk wanda zai karanta mini ya san ni, ya san surukaina. Har ta fara yagewa a wurin ninki. Ranar nan na tsaya a tasha na zaɓi direban da ba ɗan unguwarmu ba, na miƙa masa. Ya karanta, ya ce in shiga, ya kai ni har wurin.

Sau biyu ina zuwa ƙofar ina juyawa. A na uku wani dattijo mai raba shayi ya riske ni, ya ce ɗan'uwa, ƙafafuna sun gaji a madadinka, shigo ka zauna. Mutum goma sha wani abu ne a kujerun roba, ba a tambayar sunan gidan kowa. Da layin magana ya zo kaina, na sunkuya. Sai dattijon ya dubi kaina ya tambaya ko umara ta nawa ce wannan. Ɗakin ya yi dariya, ba ta raini ba, don ashe kusan rabinsu sun bi wannan hanya. Dattijon ya ce shi nasa mai askin har ya yi zaton zai zama waliyyi. A nan bakina ya buɗe. Na yi magana har shayina ya huce.

Ba zan ce na warke ba. Na faɗi sau ɗaya bayan nan, amma a wannan karon waya na ɗaga na kira dattijon, na koma zama na faɗa da bakina. Har yanzu in yamma ta yi jikina kan nemi abin, sai in fita in yi ta tafiya.

Abin da na gane shi ne umara ba ta da laifi, ni ne na mai da ita labule. Ina roƙon Allah gafara, amma ina guje wa bayinsa da zai taimake ni ta hannunsu. Ɗan'uwa, in kana cikin wannan hali, ka tuba, amma kada ka tsaya nan. Nemi likita, tambayi inda ake zama, ka shiga. Kada ka jira sai gidanka ya zama kango.

Uwar 'ya'yana ta dawo bayan hajjin bana. Tana dafa mini abinci, muna hira. Amma akwai akwati ɗaya da har yau ba ta buɗe ba, yana nan bayan ƙofa. Ban tambaye ta ba, kuma ban ga laifinta ba.