Audugar Likkafanina

Ban yi boko ba, allon ma ɗan abin salla kawai na samu. 'Yata ta biyu, mai koyarwa a wata firamare a Malumfashi, ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gaya mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta cike wurin da maganarta.

Maigidana Malam manomin auduga ne tun kafin ya aure ni. Lokacin da aka kawo ni ƙauyenmu na gefen Dayi, in kaka ta yi, duk inda ka waiga fari fat. Jakuna da amalanke su nufi fuloti, inda ake auna auduga a saya, daga can manyan motoci su kwashe zuwa injin gurza a Funtua. Mu mata kowace tana rage nata a gida. Mu gurza a kan dutse mu fitar da angurya, mu shiɓe, mu kaɗa zare da mazari. Zanen da na fara goyo da shi audugar gonar Malam ce, ni na kaɗa, masaƙin unguwarmu ya saƙa.

Daga baya muka riƙa jin masaƙun birni suna rurrufewa. Ciyawa ta cinye fuloti. Atamfa mai araha ta cika kasuwa, har ni na saya na ɗaura, ba zan yi ƙarya ba. Mutane suka koma masara da waken suya, Malam ma ya koma. Amma a tsakiyar gonarsa, kusa da wata ɗorawa, ya bar fili yana shuka auduga kowace damina da irin da yake ajiyewa a tulu. Abokansa suna tsokanarsa wai yana noma wa awaki angurya. Sai ya yi dariya ya ce hannunsa ne ya saba, ba shi da yadda zai yi da shi.

Ya rasu bayan girbi, 'yan shekarun nan, ciwo bai daɗe da shi ba. Ina ɗaka aka aika shago aka sayo farin yadi, maza suka yanka suka ɗinka a zaure. Bayan an kai shi, matar ɗana tana shara ta tsinci bakin yadin da aka yanke aka yar. Na ce ta miƙo mini. Akwai tambari a jiki, da wani rubutu kamar sawun kaji a kan laka. Ban san harafi ba, amma na san wannan ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Ta ce ai na Caina ne, duk yadin shago yanzu daga can yake zuwa.

Nan ne na yi kukan da ban yi ba lokacin da ransa ya fita. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a duƙe cikin auduga, buhunta ma na jingine a rumbu a ranar, an naɗe shi da kayan da aka ƙetaro teku da su. Na san Allah ba ya duban yadi, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma har yau in na tuna sai kuka ya zo mini. Ga shi ma yanzu.

Da aka zo rabon gado aka fitar mini da tumunina, kason da matar mamaci ke samu, na ce a ba ni filin nan na gindin ɗorawa. Ɗana na fari ya karɓi sauran gonar yana noma wa kansa da ƙannensa. Tun cikin takaba na ƙudurta cewa ni dai da audugar Malam za a naɗe ni, wadda na kaɗa da hannuna.

Wadda ta kama mini aikin ita ce maƙwabciyata, Kirista ce, iyayenta suka shiga mishan tun tana goye. Ita ma mijinta ya rasu. Ina kiranta 'yar mishan, tana kirana Hajiyar da ba ta ga jirgi ba. Da na gaya mata niyyata sai ta ce su kam akwati ake sa su, ba ta ga abin da zai sa ta ɓata yatsunta a kan likkafanin wata ba. Washegari sai ga ta da mazarinta a ƙugu. Mukan zauna a tabarma muna fuskantar juna, dutsen gurza a tsakiya, ita ta murza ni in tsince, gwiwarta na gugar tawa.

Rediyon Malam na gefenmu, shi ma ɗan Caina ne. A rediyo Sin suke ce wa ƙasar. Kullum sai mun ji labarinta, wai ta zama cikin manyan masu arziki na duniya, tana shimfiɗa layin dogo a nan, tana gina tashar jiragen ruwa a can, tana haɗin gwiwa da ƙasashe masu tasowa. 'Yar mishan ta tambaye ni su wane ne masu tasowan. Na ce ai mu ne. Ta ce ita tun tana budurwa take jin ana cewa muna tasowa, ga ta yau haƙoranta sun zube, wace irin yarinya ce wannan da har yanzu ba ta isa aure ba.

Muna cikin dariyar haɗin gwiwar nan sai abin ya iso har ƙofarmu. Wata safiya ɗana ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe bai tashi ba, na san da magana. Ya ce wani kamfani na mutanen Caina ya zo yana neman manoma. Za su ba da iri da taki da magani, su kawo tarakta, su saye waken suya duka su fitar waje. Sharaɗinsu gona ta zama shimfiɗa ɗaya, tarakta ta miƙe ba ta kwana. Filina kuwa yana tsakiya kamar tsakuwa a cikin tuwo. In aka ƙi, za su koma wajen manoman Dandume.

Ban raina maganarsa ba. Taki ya fi ƙarfin talaka, ga yara a makaranta, ga ƙannensa suna kallonsa. Ya ce zai musanya mini da wani fili a gefen hanya wanda ya fi nawa girma. Na ce wancan ba Malam ne ya zaɓe shi ba. Sai ya ce, “Inna, in don yadi ne, ko gobe in sa a kawo miki bandir guda daga Kano, mai kyan da babu irinsa.”

Na ce, “A Kano aka saƙa shi, ko ta Kano ya biyo?”

Ya tashi ya fita ko sallama babu.

Ranar da mutanen kamfanin suka zo ƙofar gidan mai unguwa, na yafa mayafi na ɗauki mazarina na tafi. Tsohuwa ba a hana ta wuri. Na samu gindin bango na zauna ina kaɗi. Akwai Bacaine guda, saurayi ne siriri, rana ta ƙona masa wuya, da tafintansa Bahaushe. Tafinta yana ta maimaita haɗin gwiwa, haɗin gwiwa. Da suka ce ko akwai mai tambaya na ce akwai. Ɗana ya runtse ido.

Na ce wa tafinta, “Ɗan nan, tambayar mini shi. Mu in mun haɗa gwiwa da maƙwabciyata, duk mu biyun a ƙasa muke, dutse ɗaya muke murza. Ni ina ganin shi a tsaye yake, mu a durƙushe. Gwiwar tasa a ina za ta sadu da tamu?”

Maza suka yi dariya, mai unguwa ya ce Iya a yi haƙuri. Tafinta ya juya maganar, ban san nawa ya kai nawa ya zubar a hanya ba. Sai Bacainen ya tako ya tsuguna a gabana, tsugunon da ko Bahaushe sai haka, diddige a ƙasa. Ya miƙo hannu na ba shi mazarin, ya juya shi yana kallo. Ya ce a gaya mini kakarsa ma tana kaɗi da irin wannan a ƙauyensu. Ya ce amma tana kaɗin ne da yunwa a cikinta, su ba su sami abinci da asibiti ba sai da suka ajiye mazari suka kama inji, kuma shi ba ya kewar wancan zamanin.

Gaskiya ya faɗa, na san yunwa, ba labarinta aka ba ni ba. Na ce a gaya masa to su injin a ƙasarsu suka kafa shi. Mu kuwa ɗanye ake kwasa a wurinmu, a dawo mana da shi a naɗe da tambari. In yana son gwiwarmu ta haɗu, ya kawo masaƙar nan ya kafa ta a Funtua, jikokina su shiga su saƙa. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, shi wake aka aiko shi saye. Na ce ni ma wake ya fi ƙarfina, auduga aka bar mini. Na karɓi mazarina na ce filina ba ya cikin lissafinsu, kowa ya ji.

Ɗana ya yi fushi sosai. Abinci yana zuwa, amma gaisuwa sai daga bakin ƙofa. Matarsa ta riƙa ajiye kwano da ƙarfi. Na kwana da zullumi, kada in zama sanadin da jikokina za su rasa. Duk da haka ban janye ba. Can sai na ji an daidaita, kamfanin ya karɓi gonar amma ya rage masa taki saboda filin da ya fita. Tarakta ta zo tana miƙewa, in ta iso ɗorawa ta yi kwana ta zagaye. In ka hau tudu ka duba, layukan wake a miƙe suke sai wurina suka karkace. Direban har laƙabi ya sa wa wurin, wai shataletalen Iya.

Ban ci nasara yadda nake so ba. Da suka fesa maganin ciyawa a wake, iska ta kaɗo shi ta ƙone mini kunyoyin gefe. Abin da na tsinta bai taka kara ya karya ba. Muka gurza, muka kaɗa, ni da 'yar mishan, idona yana ruwa, ita yatsunta suna ƙagewa. Masaƙin unguwarmu ya daɗe da rasuwa, babu wanda ya gaje shi. Da ƙyar aka ji labarin wani tsoho da ke zuwa kasuwar Musawa, har yanzu yana saƙar fari.

Ina tunanin wanda zan aika, sai ɗana ya shigo ya ga zaren a faifai. Ya ɗauki dunƙule ɗaya ya shinshina, ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce ƙanshin ɗakin Baba ne. Ya zuba su a buhu ya ɗaure a bayan babur ɗinsa, wanda shi ma ɗan Caina ne. Yana tayarwa ya ce, “Inna, ke ko mutuwa sai kin sa ta jira.”

Na ce, “Ajali na Allah ne. Kai dai tuƙa a hankali, kada ka zubar mini.”

Tsohon ya saƙa, zaren ya isa zane da riga da ɗankwali. Suna cikin akwatina, fari mai kauri, mai ɗan kaushi, da ƙulle-ƙullen inda hannuna ya yi rawa. Saura manyan mayafai biyu da ake lulluɓawa a waje. Ɗana ya sake zuwa bana da maganar fili, na sake ba shi amsar bara, angurya kuma tana cikin tulu tana jiran ruwan fari.

Rubuta wannan da kyau, ke da 'yan'uwanki ku ji. In Allah ya ara mini daminar da zan kammala, to. In kuma ya ɗauke ni kafin nan, ku sayo na shagon ku cika, ban hana ba. Amma na Malam shi za ku fara sa mini, shi zai taɓa fatata, nasu ya tsaya daga waje. Filin gindin ɗorawa kuwa, muddin ina numfashi, tarakta ta ci gaba da zagayawa.