Muryar Ɗan Ladan

Zakiyyu ɗan Zango bai gaji komai wurin mahaifinsa ba sai murya. Malam Dabo ladan ne, ya yi ta kiran salla har Allah ya karɓi abinsa. Shi kuwa ɗan ya kwashi muryar ya kai ta wani ɗan shago a Daura inda ake fassara finafinan Turawa zuwa Hausa. Ba ya sa sunansa a fim. Dangi dai a saninsu gyaran waya yake yi.

Wata rana aka kawo masa fim ɗin wani sarki da ya hau mulki lokacin da Kiristocin ƙasarsa, Katolika da Furotesta, ke yanka juna. Zakiyyu ya ce wa zai gane waɗannan sunaye a Zango? Shi ga mai wayo, sai ya mai da su 'yan ƙabalu da 'yan sadalu, masu kama hannu a salla da masu saki. Har da dariyarsa. An ce baki shi ke yanka wuya, amma ranar bai tuna ba.

Wani ya yanko wurin da sarkin ke cewa, "Duk wanda ya saki hannu, a ƙone gidansa," ya watsa a waya, babu hoto, sai muryar Zakiyyu. Kan ka ce kwabo ta karaɗe gari. A majalisu ana tambayar wa'azin wane malami ne, samari na rantsuwa sai sun zaƙulo shi.

Tsoro ya kama Zakiyyu har cikin ƙashi. Ya daina zuwa shago. In an yi masa sallama, da ka yake amsawa. Matarsa Fadila ta yi ta dafa masa citta da kanumfari, tana zaton mura ce. Ko a sahu ya rasa yadda zai yi da hannuwansa.

Ran nan da la'asar ladan bai zo ba. Liman ya waiwaya.

"Af, ga ɗan Malam Dabo! Taso ka kira mana, mu tuna da babanka."

Zakiyyu ya nuna maƙogwaronsa.

"Haba, ɗan ladan guda? Taso mana."

Aka miƙa masa lasifika. Ya yi kabbarar farko, muryar ta fita tangaram kamar ta babansa.

A bakin famfo, wani saurayi mai alwala ya tsaya da ruwa a tafinsa, ya ɗago kai a hankali.