Matar da Ta Dafa Akwatin Lasifika

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da wata mata ta ratsa taron kasuwa ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin lasifikata. Ku sababbin ma'aikata kun ishe ni da tambayar abin da ya sa yatsuna na hagu suka yi kanta kamar na manomi, alhali ni ma'aikacin lafiya ne. To ku gyara zama ku ji.

Ni mutumin Zuru ne. A coci na koyi kaɗa jita, irin babbar nan mai tsirkiya huɗu da ake kira bes, wadda muryarta take can ƙasa. Aiki ya kawo ni Anka 'yan shekaru bayan ɓarnar da gubar dalma ta yi wa yara a Dareta, aka sa ni a sashen wayar da kai. Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne mu riga masu gwajin jini shiga gari, mu fahimtar da mutane cewa dutsen da ake dakawa a fitar da zinare yana da guba, kuma kowane ƙaramin yaro a kawo shi a auna jininsa. Tsarin kuwa ba ya canzawa. Mu fara neman izinin mai gari, shi ya sa a yi shela. Maza biyu daga cikinmu su bi gida-gida tare da ɗan aiken mai unguwa. Ranar kasuwa kuma mu kafa rumfa mu yi kiɗa da waƙa, maza gefe, mata gefe, in taro ya cika a tsayar da kiɗa a yi bayani, masu gwaji su fara aiki.

Shugaban sashen a lokacin Malam Sahabi ne, jami'in ilimin lafiya, mutum mai kirki amma ba ya son hayaniya. Ni da shi kullum rigimarmu ɗaya ce, tsirkiyoyin jitata. A coci akwai bango da rufi, sirara ma sun isa. Amma a filin kasuwa iska ce ke kwashe sautin, ka yi ta kaɗawa kai kaɗai kake jin kanka. Shi ya sa na aika Jos aka sayo mini masu kauri. Kai, na sha wuya! Tauri gare su, sai ka danna da ƙarfin gaske, satin farko yatsuna duk suka yi ruwa, wuyan jitar ma sai da ya fara lanƙwashewa na ɗaure shi. Amma idan ka ja mafi kaurin cikinsu, sautin ba ya rawa, yana tsayawa daram, kuma ba a kunne kaɗai yake sauka ba, har ƙirji ake jin sa.

Malam Sahabi bai ga amfanin haka ba. Yakan ce, "Yohanna, wanga abu naka ba kiɗi ba ne, girgizar ƙasa ce. Tsofaffi na ƙorafi, lasifika na kuka." Ana gobe za mu wani ƙauye da ke bayan Nasarawa Burkullu ya yanke hukunci: wannan ce tafiyar ƙarshe, in mun dawo ko in mayar da sirara, ko in bar jitar a gida. Na ce to, amma raina a ɓace yake.

Bazara ce, rana kamar ta ƙona mutum. Hanyar ta jijjiga motar har teburin da muke ɗora babbar lasifikar ya karye ƙafa, dole muka ajiye ta a ƙasa. Mai kalangu ya fara, mawaƙinmu ya ɗauka, ni ma na shiga. Taro ya fara haɗuwa ke nan sai na hangi wata mata da goyo, ba takalmi a ƙafarta, ta fito daga ɓangaren mata ta tsallake igiyar da muka ja. Ba ta kalli mawaƙi ba, ba ta kalli kowa ba. Kai tsaye ta nufi akwatin, ta durƙusa, ta dafa shi.

Mutane suka fara dariya. Na ji wani yana cewa, "Bebiyag ga ce, matar baƙo." Wani ya taso zai kore ta, Malam Sahabi ya ɗaga masa hannu ya ce a ƙyale ta.

Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da ba ya ji, me ya kawo shi wurin kiɗa? Sai na ce bari in gwada. Na bar mai kaurin na hau tsirkiyar sama, mafi sirantar cikinsu. Ta haɗe gira, ta leƙa bayan akwatin kamar wani abu ya lalace. Na koma mai kaurin na ja ta da ƙarfi. Jama'a, ku zo ku ga fuska! Ta ɗago ta dube ni, ta bushe da dariya, ta ɗora ɗayan hannun a ƙirjinta. Na sake hawa sama, ta girgiza mini kai. Na sauko, ta gyaɗa. Na rage sauri, ta rage bugun ƙafarta, na ƙara, ta ƙara, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Wallahi na manta da taron, na manta da waƙar, ni dai ina son in ga iyakar abin da take ji. Mai kalangu har hararata yake yi.

Da taro ya cika, Malam Sahabi ya ba da alama muka tsaya, ya karɓi abin magana ya fara bayani. Idona yana kan matar. Ta ɗan jira, hannunta a kan akwatin. Ta dubi bakin Malam yana motsi, ta dubi mutane suna gyaɗa kai, sai ta miƙe ta gyara ɗaurin goyonta ta juya za ta tafi.

A nan na farga. Duk abin da ya kawo mu garin yanzu ake faɗinsa, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, ga kuma yarinya a bayanta. Ban nemi izinin kowa ba. Shugabana yana tsakiyar magana na ja tsirkiyar nan da iyakar ƙarfina. Taron duk ya zabura, wata tsohuwa har da salati. Matar ba ta yi nisa ba, sai ta tsaya cak ta waiwayo.

Malam Sahabi ya juyo a fusace. "Mi an nan haka, Yohanna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Waccan ba ta ji komai ba, kuma ban ga alamar an taɓa auna 'yarta ba."

Ya dube ta, ya dube ni. Sai ya kira Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinyarmu 'yar Gummi, ita kaɗai ce mace a tawagar. Hadiza ta je ta kama hannun matar ta jawo ta inuwar rumfa. Tana sauke goyon ta ce, "Innalillahi. Duk wanga ƙara da anka yi, ɗiyag ga ko kai ba ta ɗaga ba." Yarinyar ba ta wuce shekara biyu ba, jikinta laƙwas, idonta a lumshe. Hadiza ta nuna yarinyar ta buɗe hannu alamar tambaya. Uwar ta sandarar da hannuwanta, ta yi ta kakkarwa, ta juya ido sama. Ba sai an fassara wa kowa ba, jijjiga take nufi.

Malam Sahabi ya kira waɗanda suka bi gida-gida. Ɗayansu ya ce, "Mun tafi gidan, Malam. Can ƙarshen gari yake. Mun yi sallama har mun gaji ba a amsa ba, muka ce ba kowa." Kuma ku sani, ba su yi laifi ba. Namiji ba ya faɗa wa gidan mutum ba a amsa masa sallama ba, haka aka koya mana duka. Mijin baƙo ne, haƙar zinare ta kawo shi, yakan yi kwanaki a bakin rami bai dawo ba. Maƙwabta kuwa kowa ya ɗauka wani ya gaya mata. An yi shela, an faɗa a rediyo, an yi sallama, duk ta kunne muka bi.

Hadiza ta raka matar gida ta duba, suka dawo tare. Ta ce turmi ɗaya ne a gidan, a cikinsa take daka gero, a cikinsa take daka duwatsun da mijin ke kawowa, yarinyar kuma a gindin turmin take wuni. Masu gwaji suka ɗebi jini a yatsa, na'ura ta nuna abin da muke tsoro. Suka ce a yau ɗin nan sai an kai ta asibiti a Anka.

Sai dai matar ta ƙi shiga mota. Ta ƙanƙame 'yarta, ta shafa haɓa alamar gemu, wato sai mijinta ya zo. Kuma da gaskiyarta. Wasu baƙi sun soki yatsan 'yarki, sun nuna miki mota, ba ki san me suke cewa ba, wa zai yarda? Mai gari ya tura ɗan acaɓa bakin rami. Ita kuma ta fara ja da baya za ta koma gida, Hadiza na tsoron in ta shige ta rufe ƙofa shi ke nan.

Sai Malam Sahabi ya dube ni ya ce, "Kaɗa mata abin nan naka."

Haka na zauna na yi ta jan tsirkiya mai kauri, ni kaɗai, ba kalangu ba waƙa, tun bayan azahar. Ta dawo ta zauna ta jingina bayanta da akwatin, yarinyar a cinyarta. Kasuwa ta fara watsewa ina kai. Kantar yatsuna ta tsage, gumi na shiga yana yi mini raɗaɗi, amma da na sassauta sai ta waiwayo ta dube ni, dole in ci gaba. Da janareto ya fara shaƙewa, Malam Sahabi da kansa ya tattare babbar riga ya ƙara masa mai, yana cewa kada in kuskura in tsaya.

Ana kiran la'asar mijin ya iso, fari fat da ƙurar dutse. Ya durƙusa gabanta suka yi ta magana da hannu, da saurin da ban taɓa gani ba. Hadiza na gaya masa, shi yana mayar wa matarsa da hannu. Da ya zo kan turmin, sai matar ta dubi hannuwanta ta fashe da kuka. Shi kuwa ya ce, "Malam, wallahi ina rami, ban san an yi shela ba. Da na sani da ni zan kawo ta a kafaɗa." Shi ya fara shiga motar, ita ta bi shi.

Yarinyar ta rayu, Allah Ya taimaka. An daɗe ana ba ta magani, tafiya ma ta yi mata nauyi, kuma likita bai ɓoye musu ba cewa gubar takan bar tabo. An kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa, aka sake musu turmi. Bayan kaka ta zagayo muka koma garin. Ina fara kaɗawa sai ga matar ta tsallake igiya kamar wancan karon, ta durƙusa ta dafa akwatin. Yarinyar ta biyo ta da ƙafarta, tana tangaɗi, ta ɗora ɗan hannunta kusa da na uwar. Ban ɓoye ba, hawaye na yi, ina kaɗawa ina sharewa da kafaɗa.

A hanyar dawowa na tsokani Malam Sahabi na ce ai na sayo sirara, gobe zan ɗaura. Ya ce, "Taɓa su ka gani."

Tun daga ranar nan aka ƙara abu ɗaya a tsarinmu, wanda yanzu kuke gani kamar da ma can haka yake: ba a bin gida-gida sai da mace a cikin tawaga. Aikin nan namu na baki ne, mun saba ɗauka cewa da mun faɗa an ji, alhali a kowane gari akwai wanda maganarmu ba ta kai wa gare shi, kuma sau da yawa shi ya fi bukatarta. Don haka idan kun tsaya a ƙofar gida kun yi sallama kun ji shiru, kada wanda ya ce mini ba kowa. Ku tura mace ta shiga ta duba.