Rahoton da nake kai wa Mma

Shekarun baya, farkon shekarun casa'in, yayana ya dawo daga karatun injiniya a Romaniya da kwalin digiri da kuma mata. Kwalin mun san da zuwansa. Matar kuwa sai a filin jirgi muka gan ta, siririya, shekarunta ashirin da uku kamar nawa, riƙe da jaka ɗaya tal. Ranar rabin unguwarmu ta Nima ta leƙo gidanmu ganin oburoni, wato Baturiya.

Yayana ya samu aiki a garin Tema, yana fita da asuba, sai magariba ya dawo. Mahaifiyata, da muke kira Mma, tana sayar da shinkafa da wake a Kasuwar Malam Atta. Irin matan da ne, kunyar suruka ba ta barin ta ta zauna da matar ɗanta na fari ta tambaye ta ko ta ƙoshi. Sai ta ɗora min aikin, ni 'yarta. "Ka zauna da shi," in ji ta, da Hausarmu ta Zango da ba ruwanta da mace ko namiji. "Abin da ya ci, abin da ya ƙi, ka zo ka faɗa min."

Ni kuwa an taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don Allah Ya yi ni da baki. Kullum Mma ta dawo kasuwa sai in bi ta bayan kicin in zayyana mata komai, har da kwaikwayon yadda baƙuwar ke yatsina fuska in ta ga tuwo. Da rana kuma ni da baƙuwar muna hira da Turancinmu na kame-kame. Na lura ko maganar farashin sabulu za ta yi, sai ta waiga ta rage murya. In maƙwabciya ta ce mata "Ina za ki?" sai ta daskare. Na ɗauka girman kai ne na Turawa, na kuma kai wannan ma.

Wata uku muna haka. Ran nan da la'asar baƙuwar ta zo ɗiban ruwa, ta same ni ina ce wa Mma, "Yau ma ya yi kuka bayan ya karanta wasiƙa." Ta fara tsintar Hausa a lokacin. Ta ajiye bokitin a hankali ta koma ɗaki.

Washegari yayana bai je aiki ba. Na shiga ɗakinsu na tarar da jakar nan tata a kan gado, fasfo a samanta. Shi yana zaune ya dafe kai. Ita ce ta yi magana, yana fassara inda Turancinta ya ƙare. Ta ce tana 'yar shekara goma sha shida jami'an gwamnati suka zo suka tafi da mahaifinta saboda wata magana da ya faɗa a teburin cin abinci, a gidansa. Ya dawo bayan wata biyu, bai ƙara dariya ba. Wadda ta kai maganar aminiyar mahaifiyarta ce, mai zuwa musu shan shayi duk Lahadi. Ta ce su matasan can sun taso ba sa yarda da kowa, kowa burinsa ya fita, wasu don abinci, wasu don aiki. Ita ta fito ne don ta samu gidan da za ta yi magana ba ta waiga ba.

"Ke kaɗai ce ƙawata a nan," ta ce min. "Wa kike wa aiki?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce Mma ce, kuma ai ba da mugun nufi ba. Ta ce waccan ma haka ta ce.

Da labari ya kai wa Mma, ta ɗaura zani ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga ɗakin surukarta ta zauna a ƙasa. Ta nuna ni da baki. "Faɗa. Duk abin da ka faɗa min, faɗa shi gabansa." Na fara. Na ce sauro ya cinye mata ƙafa. Mma ta nuna gidan sauron da ke rataye. Na ce ba ta iya haɗiye tuwo. Mma ta ce shi ya sa dankalin Turawa ya fara shigowa gidan nan, duk tsadarsa. Na ce kukan akuyar maƙwabta na hana ta barcin rana. Ashe Mma ce ta je ta roƙa aka matsar da akuyar. Ni kaina ban san da wannan ba.

Baƙuwar ta daɗe tana kallon gidan sauron. Sannan ta ce ta gode, amma ba za ta zauna ba sai in Mma za ta riƙa tambayarta da kanta. Yayana ya fassara yana sosa ƙeya, don ya san nauyin abin da ake nema a wurin Mma. Mma ta kau da kai wajen bango, ta ce, "To. Yau me za ka ci?"

Baƙuwar ta zauna, ba ta tafi ba. Har yanzu tana unguwar Maamobi, da 'ya'ya uku da Hausar da ta fi tawa zagi. Ni kuma tun ranar ba na ɗaukar maganar mutum in kai gaba, ko ta alheri ce, sai ya sani. Da wuya ga mai baki irin nawa, amma na koya.

Su biyun suka saba tambayar juna kai tsaye, har muka koma mu ne 'yan kallo. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, ciwo ya kama Mma a ciki, ta ɓoye mana duka, mu da ta haifa. Surukar ce kaɗai ta sani, ita ke raka ta asibiti da sunan zuwa kasuwa. Wata safiya ta same ni a rumfar Mma ina auna shinkafa, ta karɓe mudun daga hannuna ta ajiye, ta zaunar da ni a benci.

"Na tambayi Mma sau uku," ta ce. "Yau ta ce in faɗa miki."