Ustad Niyamat da Keke Mai Giya Sha Biyu

Shekara talatin da huɗu Ustad Niyamat ya yi yana gyaran keke a Nila Gumbad, kasuwar kekunan Lahore. Da kunne yake saita giya. Ya ɗaga ƙafar baya, ya juya feda, ya karkata kai, daga ƙarar sarƙa ya san ko waya ce ta saki ko haƙori ne ya cinye. Mai giya shida, mai bakwai, kafin shayin mai keke ya huce an gama.

Shi ya koya wa ƙanensa Rafakat riƙe sifana. Rafakat ya tafi Dubai, ya yi shekara takwas a shagon kekunan tsere, ya dawo ya buɗe shago mai ƙofar gilashi daidai tsallaken titi. Ranar buɗewa Niyamat ya ci alewar da aka raba, ya yi addu'a da babbar murya, ya koma ya juya bencinsa yadda zai riƙa ganin duk mai shiga can.

Masu shiga kuwa sun yi yawa: likitoci, 'yan banki, masu matsattsun wanduna da ke tsere a bakin magudanar ruwa da safe. Shi kuma aka bar shi da masu kai madara da masu neman faci. Kullum sai ya ce wa mai shayi, "Kayan yayi ne. Sarƙa siririya kamar zaren ɗinki, wata uku ta tsinke."

Wata Talata sai ga Chaudhri Imtiyaz, tsohon malamin makaranta da ya shekara ashirin yana kawo masa gyara, ya turo sabon keke da ɗansa ya aiko masa. Faifan haƙora goma sha biyu ne jere a ƙafar baya.

"Ustad, giyar tsalle take yi a tsakiya. Na ce ba mai taɓa ta sai kai."

Niyamat ya fito da keken bakin titi, inda Rafakat zai gani da kyau. Ya ɗaure waya, giyoyin sama suka zauna, na ƙasa suka fara ƙara. Ya sassauta, na ƙasa suka yi shiru, na sama suka tashi. Har aka kira azahar yana abu ɗaya, gumi ya jiƙe masa riga.

"Chaudhri Sahab, laifin masu ƙera ta ne. Wa ya aike su cusa sha biyu a gurbin bakwai?"

Chaudhri ya yi ta kame-kame, ƙarshe dai ya tura kekensa ya tsallaka. Niyamat yana kallo Rafakat ya ɗaura wani dogon ƙarfe a inda mariƙin giya yake rataye, ya auna da bakin ƙafar, ya ɗan danna. Minti biyar. Chaudhri ya hau ya zagaya, ya dawo yana dariya, har da dafa kafaɗar Rafakat. Wannan dafawar ce ta fi ci wa Niyamat rai.

Ranar Juma'a, suna cin shinkafa da wake a gidan mahaifiyarsu, Rafakat ya ce, "Paji, babban yayana, ba kunnenka ne ya gaza ba. Ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar ne ya lanƙwashe kaɗan. A mai bakwai ba a ko ji, a mai sha biyu kuwa tazarar ta yi ƙanƙanta. Ka aiko a karɓi ma'aunin duk ranar da kake so."

"Ka ji ɗan Dubai," in ji Niyamat. "Ni da na share maka majina, yau ni za ka ba aro?"

Tsohuwa ta ce, "To ai gaskiya ya faɗa maka," ta ƙara wa Rafakat nama. Niyamat ya wanke hannu bai ƙoshi ba.

Bai aika ba. Wajen mai walda ya je da tsohon gindin ƙafar keke da guntun bututu, suka haɗa nasa ma'aunin, mummuna amma daidai. Ya sayo tsohon keke mai giya sha ɗaya, ya yi sati uku yana lanƙwasa mariƙin giyar yana miƙar da shi a bayan shago, har hannunsa ya gane. Sannan ya sa aka rubuta a allo: ANA SAITA GIYA SHA BIYU, da haruffa da suka fi na tsallake girma.

Mutum biyu suka zo a watan farko. Ya gyara musu tsaf, kuma kowannensu sai da Niyamat ya tambaye shi, "Ka taɓa kai keken nan wajen ƙanena? Me ya ce maka?"

Masu matsattsun wanduna dai ba su daina tsallakawa ba. Rafakat yakan ɗaga masa hannu kowace safiya, shi ma ya ɗaga. Matarsa ta ce ya mayar da shagon wani layi ko zuciyarsa ta huta. Ya ce sam, iskar nan ta fi. Ya tsufa a wannan benci, ya iya aikin da ya rantse ba aiki ba ne, kuma har yau in ka tambaye shi mutum nawa suka shiga wajen ƙanensa tun safe, ba zai yi kuskure ko da ɗaya ba.