Filin Dusar Katako na Bayan Gidanmu

Wata ranar Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, 'yan shekaru kaɗan bayan ƙasarmu Kamaru ta sami 'yancin kai. An idar da sallar azahar, rana ta leƙo bayan ruwan safe, kwanon rufin gidajen unguwarmu ta New Bell a birnin Duwala yana ta tururi. Ina tsaye a bakin filin da muke wasa, ina kallon Habu, ɗan baffana, yana nutsewa cikin ƙasa. Da fari idon sawunsa ne ya ɓace, sannan ƙwaurinsa, kuma har a lokacin dariya yake yi, yana rungume da tamaular da ya je ɗaukowa. Sai da taɓo ya kai masa gwiwa, ya yunƙura ya ji ƙafar ta ƙi fitowa, sannan dariyar ta ɗauke. Ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Yaya Mamman, ƙasar nan tana ja na." Na haura shekara saba'in a duniya, na ga abubuwan firgita a bakin aiki da wajen aiki, amma ban taɓa jin maganar da ta kashe mini jiki kamar wannan ba.

Wanda bai san Duwala ta wancan zamani ba, dole in faɗa masa irin wurin da muka tashi. Unguwarmu ta Hausawa a gefen fadama take. Gidajen na katako ne, irin wanda ake kira karabot, an jera su kafaɗa da kafaɗa, tsakaninsu lunguna ƙanana da aka shimfiɗa wa falankai a kan kwata. Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne, kuma idan yana aikin surfani a zaure yakan ba mu labarin dandalin garinsu a arewa, inda yaro zai yi gudu har ya gaji bai taɓa bangon kowa ba. Mu dai ba mu san wannan ba. Harabar lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, tana da faɗi, da itatuwan mangwaro a jere, amma da an kaɗa ƙararrawar tashi maigadi yake garƙame ƙofa, kuma wanda aka kama ya tsallaka shinge zai sha bulala a gaban tuta. Hanyar jirgin ƙasa an haramta mana ita da rantsuwa. Babban titi kuwa na motocin gungume ne, masu ɗauko itatuwan daji zuwa tashar jirgin ruwa, waɗanda ƙasa ke girgiza idan sun wuce. Idan mun gama ɗebo ruwa daga famfon unguwa, mun kai wa Baba abincinsa, mun share tsakar gida da ruwan sama ya cika da ganye, wuri ɗaya ne ya rage mana a duniya: filin bayan gida.

Filin nan ba Allah ne ya shimfiɗa shi yadda muka same shi ba, mutane ne suka yi shi. A lokacin, wanda yake son fegi ba ya sayen ƙasa, ƙasar yake ƙerawa. Sai ya shirya da direbobin injinan yankan katako, su riƙa kawo masa dusar katako suna juyewa a bakin fadama, a haɗa da shara da ɓawon ƙwarar manja, ya kafa sanduna ya ɗaura musu tsumma don a san iyakarsa. Daga nan sai haƙuri. Damina ta doke ta, rana ta gasa ta, ta ruɓe ta zauna, a sake zuba wata a kai, har wurin ya iya ɗaukar gida. Kafin ranar ginin ta zo, wurin namu ne. Ban taɓa taka wuri mai daɗin gudu kamarsa ba. Yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa yana dawowa kamar katifa, ka faɗi ba ka gurje ba, kuma yana da wani ƙamshi mai ɗan tsami da har yau idan na wuce shagon kafinta nakan tsaya. A can muka yi langa da kokawa, muka buga tamaular tsumma da 'ya'yan ƙabilun Basa da Bamileke da Duwala, muna zagin juna da Faransanci da Pijin da Hausa a haɗe. 'Yan mata suna gefe suna carafke da gaɗa. A gefen ruwa muna farautar ƙaguwa da tsinke.

Amma filin yana da doka, kuma kowane yaron da aka haifa a unguwar da ita ya koyi tafiya. Tsohuwar dusa baƙa ce, ta daskare, tana ɗaukar mutum. Sabuwar da aka zuba fara ce tas, busasshiya a ido, kyakkyawa, amma yawo take yi a kan taɓo kamar kumfa a kan kunu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan bi mu da murya duk lokacin da za mu fita: "Ku taka baƙa, ku bar fara." Ba mu taɓa tambayar dalili ba, domin mun taɓa ganin akuyar maƙwabta ta hau fara, kuma ba a fito da ita ba.

Habu ya zo mana ne a farkon wannan damina. Baffa Isiyaku, ƙanen mahaifina, ɗan kasuwa ne mai kai-komo tsakanin Katsina da Duwala, shi ya taho da shi daga ƙauyensu don ya yi karatu tare da ni. Ya danƙa shi a hannun Inna, ya isar mata da saƙon uwar yaron: "Ta ce shi kaɗai ya tsaya mata, amana ce." Habu ya fi ni ƙarfi duk da na girme shi, ba a taɓa kayar da shi a langa ba, kuma bakinsa ba ya hutawa. Yana kiranmu 'ya'yan kwaɗi saboda ba mu damu da ruwa ba, mu kuma muna ce masa ɗan tudu. Tun ranar farko muka faɗa masa dokar fili, Inna ta maimaita masa, ya ce ya ji. Sai dai a garinsu abin a juye yake. A can baƙar ƙasa ita ce laka, ita ke kama ƙafar jaki, farar kuwa yashi ne, yashin kogin da ya ƙafe, inda yara suke kokawa, mata suke tona rijiya. Kakarsa ta koya masa hakan tun yana rarrafe. Nakan lura da shi idan muna kan baƙar dusa, yana tafiya a ɗarare kamar mai taka ƙaya, idonsa kuma yana kan farar da ke ƙyalli a gefe. Kunnensa ya karɓi dokarmu, ƙafarsa ba ta taɓa yarda da ita ba.

A ranar da nake magana, babu lakwal kuma babu makarantar allo, don haka filin ya cika. An juye sabuwar dusa a gefen gabas, shimfiɗa guda mai faɗi, rana ta busar da samanta. Wani abokinmu mai suna Ndumbe ya daki tamaula da ƙarfi, ta tashi ta sauka a tsakiyar farar. Dukanmu muka tsaya cak, domin a wurinmu abin da ya faɗa can sai dai a nemo doguwar gwangwala a jawo shi. Habu bai tsaya ba. Ya zura da gudu, muna ihu muna kiran sunansa, shi kuwa ya ɗauka kirari muke yi masa. Saboda saurinsa dusar ta ɗauke shi har ya isa. Da ya tsaya ya sunkuya, sai ta buɗe.

Yara suka watse. Wasu suka yi gida, wasu suka tsaya nesa suna kuka. Habu ya fara fizge-fizge, kuma duk yunƙurin da ya yi sai taɓon ya ƙara haɗiye shi, baƙin ruwa mai wari yana ɓulɓulowa a kewayensa yana ɓata farar dusar. Kafin a ankara taɓon ya kai masa ƙugu. Wadda ta fara isowa ita ce matar da ke soya makala, wani irin fanke, a bakin lungu, wata 'yar Basa mai jiki da kowa ke kira Mami Makala. Ta zo da matsamin mai a hannu, ta daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta ba: "No shake, ma pikin!" Wato kada ya motsa. Habu ba ya jin Pijin, sai ta finciko kunnena ta ce in faɗa masa da harshenmu. Na ce, "Habu, don Allah ka tsaya, ka baza hannuwanka, kada ka motsa." 

Mazan unguwa duk suna kasuwa. Mami Makala ta kira mata biyu, suka ciccibo ƙyauren banɗakinta daga maƙalarsa, suka tuge falankan da ke kan kwata, aka fara shimfiɗa su a kan farar ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka sai ga Inna. Mahaifiyata mace ce da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida da rana ba sai da izinin Baba, amma ranar ta fito ba takalmi, hannunta duk ƙullun masa. Ta nufi farar kai tsaye, sai da mata suka riƙe ta, suka nuna mata cewa nauyinta zai nutsar da ita da yaron gaba ɗaya. Ana bukatar mara nauyi. Inna ta dube ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ranar ma ba ta kama ba. Ta cire mayafinta ta ƙulla da zanin Mami Makala, ta ɗaura mini bakinsa a ƙugu da hannunta, ta miƙa mini wani zanin, ta ce, "Je ka ɗauko mini amanata."

Na kwanta rub-da-ciki a kan falanki na fara jan jiki. Katakon yana lilo a ƙarƙashina, ruwa yana tsattsafowa ta gefensa yana jiƙa mini riga, warin ruɓa yana shiga hancina. Na yi ƙoƙarin karanta abin da na haddace a allo, amma ban iya wuce bisimilla ba, sai maimaita ta nake yi. Da na hau ƙyauren, gefensa ya nutse, na ji duniya ta karkata, na rufe ido ina jiran in tafi. Bai tafi da ni ba. Na buɗe ido na ga fuskar Habu dab da tawa, taɓo ya kai masa ƙirji, leɓensa ya yi fari, ya daina kuka. Na zura zanin ta ƙarƙashin hamatarsa na ƙulla iya ƙarfina, na riƙe bakinsa da hannu biyu. Matan suka fara jan mayafin da ke ƙuguna, a hankali, Mami Makala tana ba su umarni. Taɓon ya ƙi saki. Habu ya yi ƙara don zanin yana yankarsa, suka sassauta, suka sake ja. Can sai na ji wani sauti kamar saniya ta zare ƙafa daga laka, ƙirjinsa ya hau kan ƙyauren. Wandonsa ya zauna a can ƙasa. Aka jawo mu tare, Inna ta zube a kan baƙar dusa ta rungume shi.

Bayan sallar la'asar dattawan unguwa suka taru a zaurenmu, da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Ba a daki kowa ba. Hukuncin da suka yanke ya fi duka zafi: daga ranar babu yaron da zai sake taka filin, baƙa ko fara. Aka kewaye shi da tsofaffin kwanuka. Wani dattijo ya tambaya to ina yaran za su yi wasa, mahaifina ya amsa masa da cewa, "Su yi a tsakar gida, inda ido yake." Tsakar gidanmu kuwa ko tabarma uku ba ta ɗauka. Da Baffa Isiyaku ya dawo ya ji labari, ya haɗa kayan ɗansa ya mayar wa uwarsa. Kafin in gama firamare an gina gidaje a kan filin duka.

Na yi karatu, na yi aikin ofis a tashar jirgin ruwa har na ajiye shi cikin mutunci, kuma ina zaune a unguwar da aka haife ni. Karabot ya koma bulo, an yi benaye da shaguna a inda ƙaguwa take haƙa rami. Jikokina suna buga ƙwallon roba a bakin titi, tsakanin kwata da babura masu haya da muke kira bansikin, waɗanda ba sa rage gudu don yaro. Nakan sa kujera a ƙofar gida in zauna, ina zabura duk lokacin da ƙwallon ya gangara titi. Na je unguwar Logbaba wurin 'yata, na tarar da haka. A unguwar Yassa an nuna mini wurin wasa mai lilo da fenti mai kyau, amma a bayan katangar wata makaranta yake, na 'ya'yan da ke karatu a cikinta. Wani da na gani a fili, sarƙar lilonsa ta tsinke, masu gyaran mota sun mayar da shi gareji.

Habu yana raye, ya tsufa a ƙauyensu cikin jikoki, kuma mukan gaisa ta waya a lokutan salla. Kwanan baya ya ji hayaniyar babura da ihun yara a bayana, ya tambaye ni ko har yanzu 'ya'yan kwaɗi ba su sami wurin gudu ba. Na so in kare garina kamar yadda na saba, amma gaskiya ya faɗa. Mun fitar da yaro ɗaya daga taɓo a ranar nan, sauran kuwa har yau suna bakin titi suna jira.